Kwaɗo Ya Sayi Wutsiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata shekara aka yi fari. Rijiyoyi duk suka ƙafe, sai ramin Kwaɗo kaɗai ke da ruwa. Kwaɗo ya kafa ciniki, ludayi ɗaya wuri ɗari. Giwa ta saya, Raƙumi ya saya, har sarki ya aiko da tuluna. Kan a jima ya cika rumbu uku da kuɗi.

Matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, mu sayi gero mu ajiye."

Ya ce, "Gero na talaka ne."

Ran nan Dila, dillalin kasuwa, ya zo gaisuwa. Ya zagaya bayan Kwaɗo, ya girgiza kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, attajiri kamarka ba wutsiya? Da me kake korar ƙuda?"

Tasalla ta ce, "Ƙudan da muke ci za a kora?"

Kwaɗo ya ce ta yi shiru, maganar manya ake yi.

Dila ya kawo wutsiyar doki, ya manna masa da ƙaro, ya kwashe rumbu guda. Kwaɗo ya yi taƙama, ya yi taƙama, ya shiga wanka. Ƙaro ya narke, wutsiya ta nutse.

Dila ya kawo wutsiyar bijimi, aka ɗinke ta a wando, ya kwashe rumbu na biyu. Kwaɗo ya yi taƙama, ya yi taƙama, ya shiga kasuwa. Shirwa ta hango nama, ta sure wutsiya har da wandon. Attajiri ya koma gida yana rufe jiki da ganyen kabewa.

Dila ya ce, "Laifina ne, matattu na kawo maka. Akwai mai rai, da kanta take kaɗawa. Sai dai tsada."

Kwaɗo ya ce, "Kwashe na ukun."

Dila ya samo Maciji yana barci, ya ɗaura shi a ƙugun Kwaɗo, ya yi gaba da kuɗinsa. Kwaɗo ya tara makaɗa, gari ya fito kallo. Ana buga ganga sai wutsiya ta farka, ta yi hamma, ta ce, "Wane mai alheri ne ya ɗaura mini abincin rana a baki?"

Kwaɗo ya yi tsalle, igiya ta tsinke. Ya yi tsalle, ya yi tsalle, har yau bai daina ba.

Washegari ruwan sama ya sauko, kowa ya sha kyauta. Kwaɗo ya leƙo daga rami, ya ce, "Tasalla, da ɗan gero a gidan nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, buɗe baki ka jira ƙuda."

Dukiya a hannun wawa, ruwa ce a kwando.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a wutsiyar ɓera, ya shige rami da ita.