Kwanon Nababa a Wurin Ciyayya

A wani ƙauye da ke bayan Zakirai, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan har ba ka samun wurin ɗaure akuya, an yi wani magidanci ana ce masa Nababa. Ba rago ba ne, ba kuma mugu ba ne. Ciwonsa ɗaya ne, yana son a ce. An ce ko jakin wani aka yaba a gabansa, ranar sai an shafa masa man zafi a goshi. Ni ban gani ba, amma wanda ya faɗa mini ba ya ƙarya sai in ya samu dama.

Garin kuwa garin ciyayya ne. Bayan sallar magariba kowane magidanci sai a fito masa da kwanonsa ƙofar gidan Malam Basiru, dattijon unguwa, a baje tabarma, a buɗe kwano ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Iyaye sun ƙago abin ne domin wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ya ƙoshi, asirinsa a rufe. Nababa ya mai da shi gasa.

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, damina ma ta yi gardama. Tun kafin bazara rumbuna suka fara amsa kuwwa. Kwanonin ciyayya suka rame, daga tuwon dawa sai miyar kuka tsararo, wadda in ka leƙa za ka ga fuskarka har da hula.

A wannan lokacin ne Malama Asama'u, ma'aikaciyar lafiya, ta zo garin da wani babban hoto na tsarin cin abinci da gwamnati ta fitar wa ƙasa baki ɗaya. An zana faranti cike da kifi da nama da ƙwai da ganye, ga madara a kofi, ga tuffa ja a gefe. Malam Basiru ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko za a raba farantin ne, ko hoton kawai aka aiko a lasa. Asama'u ta yi dariya ta ce ita ma rabonta da tuffa tun bikin ƙanwarta, waɗanda suka zana hoton ba a kasuwar Zakirai suke cefane ba. Amma ta ce a bar tuffa a kama ma'ana: kada a bar yaro da kunu da tuwo kaɗai. Wake da gyaɗa da zogale da ƙwan zabi duk suna yin aikin.

"Wanda aka yaye shi ne farko," in ji ta. "Babba zai jure. Yaro ba ya jurewa."

Nababa ya ɗauki hoton ya sa a ransa, maganar yaro kuwa ya bar wa iska. Yana da sauran wake a buhu, da zabi 'yan kaɗan, da zogale a bayan gida. Ya shiga ya ce wa matarsa Hure daga yau kwanonsa na ciyayya ya riƙa fita kamar farantin gwamnati. Hure ta tuna masa cewa abin da ke gidan ba zai cika kwano biyu ba, ga 'yarsu Rukayya ba a daɗe da yaye ta ba.

"Malam, ko ƙwai ɗaya a bar mata," in ji Hure.

"Yaro da ƙwai? So kike ta tashi ɓarauniya? Kunu ya raini ubana, ya raine ni."

Haka kwanon ya soma fita: wake a ƙasa, kwaɗon zogale da ƙuli a gefe, dafaffen ƙwan zabi a sama kamar rawani. Maza suka sa masa suna Gwamnati. Da ya ɓullo sai a ce a gyara tabarma ga Gwamnati nan, shi kuwa ya riƙa tafiya kamar ƙasar ta ubansa ce. A cikin gida Hure tana kankare tukunya. Rukayya kunu da safe, kunu da rana, da dare lomar tuwo a ruwan miya. Ran da Hure ta ɓoye mata ƙwai ɗaya, Nababa ya ga ɓawon a toka, ya yi faɗan da maƙwabta suka ji.

Yarinyar ta daina wasa. Gashinta ya yi ja kamar gemun masara, ƙafafu da kumatu suka kumbura. Hure ta ce a kai ta asibiti, Nababa ya ce ƙiba ba ciwo ba ce. Wata yamma ma har ya saɓo ta ya fito da ita wurin ciyayya, a ga yadda 'yar gidan Gwamnati ta yi kumatu a shekarar yunwa.

Malam Basiru yana riƙe da rabin ƙwai. Ya miƙa ɗaya hannun ya danna ƙafar yarinyar da babban yatsa. Ya ɗaga, ramin ya zauna, bai ciko ba.

"Nababa, me yarinyar nan take ci?"

"Abin da muke ci, Malam."

Dattijon ya dubi kwanon, ya mai da rabin ƙwan ciki a hankali. "A'a. Ashe nata muke ci."

Ranar ba wanda ya ƙara sa hannu. Washegari Asama'u ta duba yarinyar, ta ce kumburin yunwa ne, ga gudawa ta shiga, sai Kano. A asibitin Kano, Nababa ya ga hoton nan dai manne a bango, da tuffarsa ja. Ya fita bakin ƙofa ya sayo dafaffen ƙwai ya kawo. Nas ta ce masa ya ajiye, cikinta ba zai iya ɗauka ba yanzu, sai madarar asibiti kaɗan-kaɗan. Ya sa ƙwan a aljihu yana jiran ta samu sauƙi. Allah ya karɓi abinsa kafin Juma'a. Sai da aka dawo daga maƙabarta ya sa hannu neman carbi ya taɓo ƙwan.

Har yau ana ciyayya a ƙofar Malam Basiru, sai dai ba a buɗe kwano sai dattijon ya tambayi mai shi ko yara sun ci. Ba wanda ya sake kiran Nababa Gwamnati. Hure ba ta taɓa yi masa gori ba. Abin da take yi kawai, duk ran da zabi suka yi ƙwai sai ta dafa ta miƙa masa, ya zauna a zaure yana ɓare wa yaran unguwa, kansa a ƙasa.

Darasin da ke cikin wannan labari biyu ne. Masu zana wa ƙasa farantin abinci su riƙa leƙa tukunyar talaka kafin su ɗauki alƙalami, don shawarar da mai hali kaɗai zai iya bi ƙara nisa take yi tsakanin mutane. Kai kuma maigida, ka sani cewa rashin adalcin rabo ba daga birni kaɗai yake farawa ba, wani a murhunka yake. Abin kirkin da ke gida, komai ƙanƙantarsa, a fara da ƙaramin baki. Yabon ƙofar gida ba ya raya yaro.