Mai Rubutun Talla da Hoton Baffansa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da Allah ya hore wa iya jera magana. Sana'arsa rubuta talla. Ba ya ƙarƙashin kowa, ofishinsa wani tebur ne a lungun falo, da kwamfuta da tsohuwar fanka mai ƙara. Mai sabulu ya kawo aiki, mai takalmi ya kawo, shi kuma ya yi wa kayan ado da kalmomi har mai karatu ya ji in bai saya ba ya yi asara. Halal ce, da ya tsaya a nan.

Wata rana wani ya kira shi a waya, ya ce yana da maganin ciwon suga, yana son talla da shaidar wanda ya sha ya warke.

Marubucin ya ce, "Wa ya warke?"

Mutumin ya yi dariya. "Haba malam, in da akwai shi, ai ba sai na neme ka ba."

Bai taɓa ganin mutumin ba, bai taɓa ganin kwalbar ba. Amma ya zauna ya ƙirƙiro labarin wani dattijo da ya jefar da allurarsa ya miƙe garau, har da rantsuwa. Saura fuska. Ya duba wayarsa, sai ga hoton baffansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, tsohon malamin asibiti da unguwa ke ganin girmansa. Ya ce a ransa, can nesa za a watsa, wa zai gane? Ya liƙa hoton a kan tallar ya tura.

Wa ya gaya masa abin da ya shiga waya yana da nesa?

Tallar ta zaga ta dawo unguwarsu. Matar wani tela, mai fama da ciwon suga, ta gani, ta ce ai Baffa ba ya ƙarya, shi ya yi jinyar 'ya'yanta. Ta ajiye allurarta ta kama shan kwalba. Ba a jima ba ta faɗi, daga asibiti sai makabarta.

Ranar da tela da danginsa suka cika ƙofar gidan Baffa, marubucin na ciki, ya zo gaisuwa. Ya laɓe bayan labule. Aka miƙa wa tsohon waya. Ya daɗe yana kallon hoton. A ɗakinsa aka ɗauka, kuma ya san wanda ya ɗauka.

Tela ya ce cikin kuka, "Baffa, in ba kai ka yi ba, wa ya ba su hotonka?"

Baffa ya ɗaga ido ya dubi labulen, ya sunkuyar da kai. 'Yan sanda suka tafi da shi. Lambar mai maganin kuwa tuni ta daina shiga. Da aka sako tsohon, a kwance aka dawo da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Daga nan tsoro ya tare a gidan marubucin. A ƙwanƙwasa ƙofa, ya ɓuya. Waya ta yi ƙara, ya ƙi ɗauka. Ya goge komai daga kwamfuta, bai samu sauƙi ba. In ya zauna rubutu, yatsunsa su ƙi. Masu kawo aiki suka watse. Matarsa ta ce, "Wai me ke cin ka haka? Ko Baffa ba ka leƙawa." Ya ce zazzaɓi ne.

Sai da aka ce jikin Baffa ya yi tsanani sannan ya shiga ɗakin. Ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ni ne. Ka yafe mini."

Tsohon ya dube shi, hawaye ya gangaro, ya juyar da fuska bango. A haka rai ya fita. Ya yafe? Bai yafe ba? Babu mai gaya masa sai ranar tsayuwa.

'Yar Baffa na zaune a gefen gado, ta ji komai. Kafin a gama wanka, maganar ta cika unguwa. Ta ƙofar baya marubucin ya fice, ya bar mata da 'ya'ya, ko sallar gawar bai samu ba. Wani direba ya ce ya gan shi a wata tasha, ya rame, da ya ga an ɗaga waya sai ya rufe fuska da hannu.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ni ban sayar ba, rubutawa kawai na yi. Ƙaryar da ka rubuta tana ci gaba da yawo kana barci, tana shiga gidajen da ba ka sani ba, kuma duk wanda ta kayar, da hannunka a ciki. Kai mai sana'ar magana, kafin ka yabi kaya, tambayi kanka: ka gani? Ka tabbata?

Allah ya tsarkake mana harshe da alƙalami, ya sa mu nemi gafarar mutane tun suna iya amsawa. Allah ya kiyaye mu.