Magajin Garin da Ya Yi Ciniki da Kansa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a wani gari na ƙasar Gabas, kan hanyar da ta tashi daga Anacha zuwa Inugu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan garin ba, domin jikokinsa suna raye, kuma ba su suka aikata ba.

Da ƙafa ya shigo garin yana koren shanun wani. Allah ya buɗa masa, ya koma fataucin manja, ya iya yaren Ibo kamar a can aka yanke masa cibi. Yana da baki, yana da fara'a. Hausawa suka so shi, 'yan ƙasa ma suka so shi, har ranar zaɓe suka haɗu suka ɗora shi magajin gari. Baƙo fa, ya 'yan uwa! Wace ni'ima ce ta fi wannan?

Amma mutumin nan bai taɓa raba kujerarsa da aljihunsa ba. Yana da tsofaffin motocin ɗaukar shanu, kuma doka ta hana mai riƙe da gari ya ba kansa kwangila. Sai ya kira Dogara, ƙanin matarsa Ma'u, wanda ke masa tuƙi. Ya sa aka rubuta sunan Dogara da jan fenti a ƙofar kowace mota.

"Suna ne kawai," in ji shi. "Kai dai ka ci gaba da tuƙinka."

Dogara ya ce, "To, Yaya." Me zai ce? Mutumin nan shi ya yi masa aure, shi yake ciyar da mahaifiyarsu, Iya Hannatu. Tun daga ranar, in gari zai kwashe shara motocin Dogara ne, in za a kai tsakuwa motocin Dogara ne. Dogara kuwa ko tayar motar ɗaya ba tasa ba ce.

Sai shekarar sittin da shida ta zo. Waɗanda suka gani ba sa son tunawa. An zubar da jini a Arewa, jiragen ƙasa suna sauke mutanen Gabas da raunuka, gari ya ɗauki zafi. Hausawan Fatakwal suka fara wucewa da ƙunshin kayansu. Aka sanar cewa kowane ɗan Arewa ya koma gida, ba mai iya lamunce masa rai. Majalisar garin ta yanke a ɗauki hayar motoci a kai mutanen unguwar Hausawa Makurɗi, ta kuma bar wa magajin gari ya zaɓi masu motar.

A garin akwai wani dattijon Ibo mai motocin haya, Mazi Nwokeke, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar wa Hausawa goro. Ya je ofis da ƙafarsa ya ce motocinsa lafiyayyu ne, a zuba musu mai kawai, shi da 'ya'yansa za su tuƙa. Magajin gari ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin ƙofa. Sannan ya shiga unguwa yana cewa, "A wannan yanayi za ku ba Inyamiri wuyanku? Mu nemi namu." Aka ba Dogara kwangila.

Ba a nan ya tsaya ba. Yana da gangunan manja jibge a sito, ya san in ya bar su ya yi asararsu. Ya umarci Dogara a jera su a ƙasan kowace mota, a shimfiɗa katako da tabarmi a kai, mutane su zauna bisa.

Dogara ya ce, "Yaya, motocin nan ko babu kaya da ƙyar suke tsayawa in an taka birki. Ga manja, ga mutane, ga tudun hanyar Otukpo?"

"Allah ne mai tsarewa."

"Iya fa? A wace za ta shiga?"

"A wadda ta samu. Ƙaramar motata ta cika da akwatuna."

Ku ji fa, ya 'yan uwa. Ya ambaci Allah a kan birkin da ya ƙi gyarawa.

Da safe aka taru a filin masallaci. Mata da goyo, tsofaffi da buta, 'yan dako da ƙullin tsummansu. Wasu har sun hau. Dogara yana tsaye jikin motar farko, yana kallon mahaifiyarsa ana tallafa ta tana taka taya za ta hau. 

Sai limamin unguwa, Malam Yero, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, magana tana yawo, gara a yi ta a fili. Ana cewa motocin nan naka ne, kai ka ba kanka aikin, shi ya sa ka kori Nwokeke."

Mutumin ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ai kai mai karatu ne. Karanta ƙofar motar. Ga mai su nan tsaye, ya rantse muku."

Ido duka ya koma kan Dogara. Malam Yero ya ce, "Ɗana, ka rantse da Allahn da ya halicce ka, naka ne?"

Dogara ya dubi surukinsa, wanda ya tufatar da shi. Ya dubi yayarsa Ma'u, ta sunkuyar da kai. Ya san in ya buɗe baki ya rasa aiki, ya rasa gida, wataƙila ya kashe auren 'yar uwarsa. Ya ɗaga kai ya ga Iya Hannatu zaune can sama, tana gyara mayafi, ba ta san a kan me take zaune ba.

Ya ce, "Malam, ba nawa ba ne. Sunana ne kawai. Kuma ku ɗaga tabarmar nan ku gani."

Wani ɗan dako ya fizge tabarma, ya ɗaga katako. Ga ganguna a jere, manja yana tsatsafowa. Fili ya ɗauki salati. Dogara ya hau da kansa, ya goyo mahaifiyarsa ya sauko da ita. Mutane suka yi ta dirowa. Mutumin nan yana ihu, "Ku tsaya in yi bayani!" Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Baya kawai suka juya masa. Ma'u ta ɗauki ƙunshinta ta bi uwarta.

Malam Yero ya ja jama'a, ƙafa da ƙafa, har garejin Mazi Nwokeke. Dattijon bai tambayi dalilin da aka ƙi shi jiya ba. Cewa ya yi, "Ku hau, rana tana yi." Ya zauna gaban motar farko da kansa. Duk shingen da matasa suka tare su da adduna, shi yake sauka ya ce, "Baƙina ne, sai kun fara da ni." Dogara ya ja ta ƙarshe. Da suka hango gadar Binuwai, mata suka ɓarke da guɗa, maza suka yi ta kabbara. Ko jariri ba a rasa ba. Allahu Akbar!

Shi kuwa magajin gari, kafin azahar labari ya kai majalisa, suka tuɓe shi, suka karɓe ɗan sandan da ke ƙofarsa. Ya nemi direbobin haya ya bi hanya da gangunansa. A gangaren wani tudu birkin motar gaba ya ƙi, ta kife, ta bayanta ta hau kanta. Manja ya malale kwalta, ya gangara daji. Direbobi suka tsira da ƙyar suka gudu. Masu tare hanya suka kwashe sauran, har ƙaramar motar da akwatunan. Da ƙafar da ta kumbura ya iso Makurɗi, ba hula, ba takalmi. A sansanin 'yan gudun hijira, mutanen da ya so ya ɗora bisa ganguna su suka miƙa masa koko.

Ya rayu shekaru bayan yaƙi. Amma har ya koma ga Allah, ko tarin goro ba a sake ba shi ya raba a wurin suna ba.

Ya 'yan uwa, me ya halaka shi? Bai fasa gidan kowa ba. Zama ya yi a kujerar mai saye, alhali shi ne mai sayarwa. Kai da aka ba kwamitin masallaci, wa ka ba aikin rufin? Kai shugaban 'yan kasuwa, rumfar bakin titi sunan wa ke jiki, kuma ta wace ce a gaskiya? Kai kuma da aka ari sunanka, kada ka ce suna ne kawai. Ranar da za a tambaye ka tana zuwa, a nan ko a can, kuma gara ka amsa a nan.

Ya Allah, kada ka ɗora mana amanar da za ta kunyata mu. In ka ɗora, ka ba mu ƙarfin raba ta da son ranmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuri'armu, ya sa mu cika da imani. Amin.