Katin da Gogo Ta Adana

Ka taɓa ganin mutumin da ko shayi ba ya iya jira ya huce? To, haka Rashid yake. Rumfar sayar da cajar waya gare shi a Kasuwar Libiya da ke birnin Omdurman, kuma duk layin an san shi da gaggawa. A tsaye yake cin abinci, yana magana da kai idonsa na kan waya, in motar haya ta tsaya ɗaukar fasinja sai ya yi ta buga rufinta.

A unguwar Dar Salam yake zaune da Gogo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi tun iyayensa na aikin auduga a yankin Jazira. Idanun Gogo sun yi rauni, ta daina fita. Abokiyar zamanta kyanwa ce mai suna Samha, shekara tara suna tare. Da ita take hira in gida ya yi shiru, motsinta ke sanar da ita an yi baƙo.

Wata Juma'a Ni'mat, 'yar maƙwabtansu da ta gama karatun likitan dabbobi, ta shigo gaisuwa. Ta tarar da Samha ƙarƙashin randa tana lasar ruwan da ke ɗiga. Gogo ta ce zafin Omdurman ne, wa bai shan ruwa yanzu? Ni'mat ta ce mai yiwuwa, amma kyanwa mai waɗannan shekaru ana gwada jininta duk shekara ko tana tsalle lafiya, domin kyanwa ta iya ɓoye ciwo, ƙoda kuma a hankali take lalacewa, jini ke fara nunawa. Ta kwatanta musu wani asibitin dabbobi a Khartoum.

Rashid ya yi dariya, ya ce shi da yake ɗan Adam bai taɓa gwada jini ba, sai kyanwa? Gogo ba ta biye masa ba.

"Rashidu, ka kai ta," in ji ta.

Ya huda kwali ya sa Samha, ya shiga mota. A kan gadar shiga Khartoum cunkoso ya riƙe su kusan awa guda, kyanwar na kuka, shi yana tsaki. A asibiti aka miƙa masa kati mai lamba goma sha huɗu. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Waya ta yi ta ƙara: sabbin kaya sun iso kasuwa, maƙwabtan rumfa suna ta zaɓen na kirki. Sau uku yana tambayar matar da ke kan tebur, tana ce masa ya yi haƙuri. Da aka kira lamba tara, ya leƙa cikin kwalin, ya ga kyanwa garau, ya suri abinsa ya fice.

Da yamma ya damƙa wa Gogo katin ya ce, "Sun gwada. Lafiyarta lau."

Ta yi hamdala, ta sa masa albarka, ta naɗe katin a ƙyalle ta jefa cikin gwangwanin turarenta. Rashid ya ce a ransa mako mai zuwa zai koma. Makon ya zo ya wuce, wani ma ya wuce.

Bayan wata bakwai Samha ta fara ramewa. Ta ƙi abinci, gashinta ya cukurkuɗe, ta koma amai. Rashid ya daina iya zama a tsakar gida; yana shigowa sai ya tuna wani saƙo ya sake fita. Gogo ta aika aka kira Ni'mat. Ta duba bakin kyanwar, ta shafa cikinta, sai ta nemi sakamakon gwajin baya don a kwatanta. Gogo ta lalubo gwangwani, ta warware ƙyallen da alfahari.

Ni'mat ta duba gaba, ta juya baya, ta ɗaga ido ta kalli Rashid.

"Hajja, wannan katin layi ne. Babu sakamako a ciki."

Rashid ya buɗe baki zai ce an yi kuskure a asibiti, ya ga hannun Gogo har yanzu a miƙe, ya kasa. Ya faɗi gaskiya, kansa a ƙasa.

Ranar ya mayar da Samha asibiti, ya zauna a layi awa uku bai motsa ba. Da sakamako ya fito, likita ya ce ciwon ya riga ya ci ƙarfin ƙodojinta. Bai yi alkawarin komai ba, amma ya ce da an gani da wuri, aka canza mata abinci aka bi ta da magani, da wataƙila ta ƙara shekaru. Aka yi mata ƙarin ruwa. Kwana goma ta ƙara, sannan ta mutu a kan tabarmar Gogo.

Gogo ba ta yi masa faɗa ba, ko sau ɗaya. Sai ran da ya sayo mata maganin ido, ya tsuguna zai karanta mata yadda ake ɗigawa. Ta karɓi kwalbar ta riƙe.

"Kira min Ni'mat ta karanta."

"Haba Gogo, ai na iya karatu."

"Na san ka iya, ɗana. Kira min ita dai."

Darasin nan a fili yake: gaggawa ta sa Rashid ya bar layi, kunya ta sa ya yi ƙarya, ƙaryar kuma ta cinye watannin da za a iya ceton Samha, ta haɗa da amanar wadda ta rene shi. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kuma idonka ba ya ganin ƙoda ko hanta. In kana da kyanwa ko karen gadi, musamman wanda ya fara manyanta, kada ka jira ya kwanta. Ka zaɓi wata guda a shekara, ka sa tunatarwa a wayarka yau, ka kai shi gwajin jini, kuma ka zauna har a kira lambarka.