Ƙararrawar da Aka Cire wa Harshe

An yi wani mutum a garin nan namu, mai sayar da ulu a unguwar marina. Ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa na zaune a cikinku, kuma ba su da laifi.

Ya 'yan uwa, kun san yadda muke yi tun kaka da kakanni. Ba mu da sarki. Ana zuba sunayen magidanta a jakar fata, a zaro ɗaya. Wanda ya fito ya riƙe tutar gari, in wa'adinsa ya cika ya miƙa ta ya koma rumfarsa. In kuwa masifa ta taso, a kaɗa ƙararrawar hasumiya, kowa ya fito dandali da makaminsa.

Sunan mutumin nan ya fito, kuma tsakani da Allah ya yi aiki. Ya gyara ganuwa, hatsi ya yi araha. Muka yi ta yabonsa har kansa ya kumbura. Da wa'adi ya cika sai ya ce yaƙi na tafe, yanzu ba lokacin miƙa tuta ba ne.

Daga nan tsoro ya shige shi. Tsoron wa? Tsoron maƙwabtansa, mutanen da suka yi rawa ranar bikinsa! Ya bi unguwa-unguwa ya tattara masu da takubba ya kulle. Ya ɗauko sojojin haya ƙarƙashin wani madugu mai suna Rinieri. Tsofaffinku sun gan su ai. Sulke na walƙiya, tumbi ya yi gaba. Suka cinye mana kaji, suka shanye ruwan inabi, in sun fita yaƙi su dawo da yamma ko ƙwarzane babu.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, saboda ƙararrawa. Ya kira Bindo maƙeri ya ce ya cire harshenta, ƙarfen nan da ke dukan ta daga ciki, wai ta tsage.

Bindo ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau fa."

Ya ce, "Na ce ta tsage. Kai ke riƙe da tuta ko ni?"

Bindo ya sauko da ƙarfen ya jefa shi bayan maƙera.

To, wata safiyar kasuwa sai ga tutocin sarkin da ke maƙwabtaka da mu a kan tudu, rundunarsa na gangarowa. Ashe Rinieri ya riga ya shirya da shi. Ya buɗe ƙofar arewa, ya tsaya yana sakace.

Wa mutumin nan zai kira? Mu. Ya ruga hasumiya, ya manta abin da hannunsa ya aikata, ya kama igiya yana ja, yana ja, tafinsa na jini. Ƙararrawa na lilo, ko tari ba ta yi ba. A nan Rinieri ya same shi, ya ce, "Ƙara ƙarfi, maigida, wataƙila tantabaru su kawo maka ɗauki."

Amma ku dubi ikon Allah! Ghita mai wankau tana bakin famfon dandali, ta ɗaga kai ta ga ƙararrawa na lilo ba sauti. Ta ce, "Kai, mata, bebiyar can ihu take yi!" Ta kifa tukunyar tagulla ta hau duka da muciya. Gida-gida aka ɗauka. Mahauta suka fito da wuƙaƙe, marina da sandunan juya rini, masaƙa da almakashi. Sojan haya kuwa bai zo don ya mutu ba. Suka fice a guje, muka rufe ƙofa kafin rundunar ta iso.

Da sojojin hayar za su fita suka ɗaure mutumin nan a kan alfadari suka tafi da shi. Bindo da 'ya'yansa suka hau hasumiya suka mayar wa ƙararrawa harshenta. Wani manomi ya ba ni labari cewa ya ga mutumin nan a hanya lokacin da ƙararrawa ta tashi. Ya juyo da kai, ya fashe da kuka kamar yaro. Ba a sake jin duriyarsa ba.

Ya 'yan uwa, shugaban da ya kwance wa mutanensa ɗamara, kansa ya kwance wa. Wanda ya toshe bakin jama'a don kada su kira juna a kansa, ranar da zai kira su ma ba za a ji shi ba.

Wallahi duk safiyar da ƙararrawar nan ta tashe ni, har da ranar da nake son barci, godiya nake yi. Mu gode wa Allah da ya bar mana garinmu a hannunmu, ya cece mu da tukunyar wanki. Gobe za a sa hannu a jaka, kuma sunan ɗayanku ne zai fito.

Allah ya kiyaye mu da son riƙe abin da aka ba mu aro. Ya kiyaye mu da ranar da za mu ja igiya a ji shiru. Amin.