Harshen Mai Fito a Bakin Tafinta

An ce wani sarki ya mallaki wani birni a bakin babban kogi, kuma ba a san shi da mugunta ba, sai dai ba ya son jin abin da zai ɓata masa rai. Tun a shekararsa ta biyu bisa gado ya kafa doka cewa duk wanda ya furta kalmar da ta taɓa girman sarki ko na alƙalansa a tsare shi, in laifin ya tabbata a yanke masa harshe. Malaman fada suka rubuta ta da kyakkyawan rubutu, suka raɗa mata suna Dokar Kiyaye Zaman Lafiya.

A fadar nan akwai wata dattijuwa mai suna Tasalla, ita ce tafinta. Mahaifinta falke ne, a cikin ayari ta girma, ta tsinci harsuna biyar, ta kuma yi tafinta a majalisun shari'a na ƙasashe uku kafin ta dawo gida. Da yawa daga talakawan sarki mutanen kogi ne, masunta da masu fito, waɗanda ba sa jin harshen birni, don haka duk kukansu ta bakinta yake bi kafin ya isa kunnen sarki.

Tasalla kuwa tana da wani asiri wanda ta riƙe shekara goma sha tara. Ba ta taɓa isar da magana mai zafi da zafinta ba. In masunci ya ce, "Alƙalinka ya cuce ni," sai ta ce, "Ya sarki, yana neman a sake duba al'amarinsa in an sami hali." In tsohuwa ta ce, "Allah ya isa tsakanina da fadar nan," sai ta ce, "Tana miƙa lamarinta ga Allah, tana yi wa fada addu'a." Da haka ta tsirar da harsunan da ba ta san iyakarsu ba, kuma tana ganin ko ba ta da wani aikin lada, wannan ya ishe ta.

Wata safiya tana shiga zauren fada sai wani tsohon mai fito, sunansa Tunau, ya tare ta. Ta san shi sarai, wannan ne zuwansa na huɗu. 'Yarsa Yalwa, mai sayar da kifi a kasuwa, wadda ita kaɗai ce ke jin harshen birni a gidansu, tana tsare wata goma sha ɗaya. An ƙwace mashigin da kakanninsu suka yi fito a cikinsa an ba surukin alƙali, ita kuwa ta tashi a gaban shari'a ta ce an yanke hukuncin kafin a ji shaidu. Tun daga ranar ake ɗage shari'arta, yau a ce alƙali ya yi tafiya, gobe a ce magatakarda ba shi da lafiya.

Tunau ya ce mata da harshen kogi, "Baiwar Allah, tsaya. Yau kada ki zuba wa maganata zuma."

Ta ce, "Wa ya gaya maka ina zubawa?"

Ya ce, "Ba na jin harshenku, amma ina da ido. Sau uku ina gaya wa mutumin nan an zalunce ni, sau uku yana murmushi yana sa a ba ni riga. To, ko shi mahaukaci ne, ko ke maƙaryaciya ce. Ban kuwa ga alamar hauka a tare da shi ba."

Tasalla ta rage murya ta ce, "Tsoho, harshenka nake tsare maka."

Ya ce, "Na gode. Me zan yi da shi? Riguna uku na jere a ɗaki, ɗiyata tana kwana a ƙasa. Ki faɗa yadda na faɗa, in za su yanke su yanke. Daman haƙoran da ke gadinsa sun riga sun watse."

Tasalla ba ta taɓa lissafa waɗanda tausayinta ya bari a kurkuku ba, sai waɗanda ya hana a yanka. Ta kuma san in ta faɗi maganar Tunau yadda take, ba harshensa kaɗai za a nema ba, har da nata.

Da majalisa ta cika, waziri a dama, alƙali a hagu, aka tarar sarki yana cikin nishaɗi. Ya hango Tunau ya ce, "Ga mai fiton nan namu mai yawan godiya ya dawo." Sa'an nan ya juya ga Tasalla ya ce, "Ya ke tafinta, kin zauna a majalisun sarakuna uku. Gaya mini, yaya suke yi da bakin talakawansu?"

Ta ce, "Ya sarki, ƙasa ta farko da na yi aiki, ba a yarda a kai wa sarkinsu mummunan labari. Aka yi yaƙi, rundunarsa ta watse a fagen daga, aka rasa mai ƙarfin halin sanar da shi. Yana zaune ana yi masa kiɗan nasara abokan gaba suka shigo har soro, daga bakinsu ya fara jin cewa an ci shi."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Wawa ke nan. Ta biyu fa?"

Ta ce, "Ta biyu, kowa yana faɗin abin da ya ga dama. Akwai dandali a tsakiyar kasuwa, mutum zai hau ya zagi sarki tun hantsi har la'asar, dogarai suna tsaye suna cin gyaɗa. Baƙi suna zuwa su gani su yaba. Amma in ka kai ƙara, alƙali zai ce ka dawo bayan damina. Ka dawo, a ce bayan girbi. Na yi wa wani mutum tafinta a kan gonarsa yana da baƙin gemu, na bar ƙasar jikansa ne ke zuwa a madadinsa, har yau ba a kira shaida na farko ba. Sarkinsu ya gane cewa ba sai ka toshe bakin mutum ba in ka iya toshe ƙofar shari'a."

Alƙali ya gyara zama. Sarki bai lura ba, ya ce, "Wannan ya fi na farko wayo, amma ya fi shi rashin kunya. Sai ta uku."

Ta ce, "A ta uku an yarda ka zagi sarkin makwabta iyakar son ranka, har tukuici ake bayarwa. Kowace sallah sarkinsu yakan aika wa makwabcinsa takarda yana yi masa faɗa a kan waɗanda ya ɗaure saboda magana, makwabcin ya mayar masa da irinta, kuma duka takardun gaskiya suke faɗa."

Fadawa suka kwashe da dariya. Sarki ya share hawayen dariya ya ce, "Alhamdu lillahi da bai yi mu cikinsu ba. Shekara goma sha tara ba wanda ya tsaya a gabana ya ce na cuce shi. To, a ina kika ajiye tawa ƙasar?"

Tasalla ta ce, "Allah ya ba ka nasara, taka sai ka ji ta daga bakin mai fito."

Aka matso da Tunau. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya yi magana da harshen kogi, yana duban sarki ido cikin ido, har ya gama. Sarki ya ce, "Me ya ce?"

Tasalla ta ce, "Ya sarki, kafin in faɗa, ina da tambaya wadda ba mai warware ta sai kai. Mutum ya furta maganar da doka ta hana, amma da harshen da ba wanda ya fahimta a majalisa. Ya zubar da girman wani?"

Sarki yana son irin wannan wasa. Ya ce, "A'a. Maganar da ba a fahimta ba iska ce."

"To, wani ya ɗauke ta ya mayar da ita harshen da kowa ke ji. Shi ne mai laifi?"

Sarki ya ce, "In da son ransa ya yi, shi ne."

"In kuwa umarni aka yi masa, kuma ƙin bin umarnin ma laifi ne?"

Sarki ya ce, "To, laifin ya koma kan wanda ya ce a faɗa."

Bai rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa. Ya dubi Tasalla ya ce, "Kin ɗaure ni da rawanina, tsohuwa. Na yi hukunci, ba na janyewa. Faɗi, ba harshen da za a taɓa."

Tasalla ta miƙe tsaye, abin da tafinta ba ya yi a gaban sarki, ta ce, "Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce: Kai sarki, alƙalinka ɓarawo ne, ya ƙwace mashiginmu ya ba surukinsa. Ɗiyata ta faɗi haka, ya rufe ta wata goma sha ɗaya ba shari'a, da dokarka ya rufe ta. In ka sani, kai azzalumi ne. In ba ka sani ba, to me kake yi a kan gadon nan?"

Alƙali ya zabura ya ce, "Ranka ya daɗe, a kama shi!"

Sarki ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba. Fuskarsa ta sauya. Ya ce wa Tasalla, "Mutumin nan sau uku yana zuwa yana yi mini godiya. Me ya juya shi?"

Ta ce, "Bai juya ba, ya sarki. Abin da ya faɗa yau shi ya faɗa sau uku. Godiyar tawa ce, ni na ƙirƙiro ta. Haka na yi wa duk wanda ya zo da kuka mai zafi tun ranar da aka kafa dokar nan. Na ɗauka rahama nake yi. Yau da safe ya nuna mini cewa na tsare musu harsuna na bar musu zaluncin, kai kuma na bar ka kana mulkin wata ƙasa wadda babu ita sai a bakina."

Waziri ya ce, "Ya sarki, wannan ta yaudari fada shekara goma sha tara."

Sarki ya juya gare shi ya ce, "Kai fa? Kowace safiya nakan tambaye ka labarin gari, ka ce sai alheri. Mutum nawa ke tsare saboda magana?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun haura ɗari biyu, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Doka ba ta bar mini wata amsa ba."

Sarki ya sa a zo da Yalwa. Aka shigo da ita a rame, tana kare idonta daga hasken rana. Ya ce mata, "Maimaita mini abin da kika gaya wa alƙali." Ta dubi mahaifinta, ta dubi Tasalla, Tasalla ta gyaɗa mata kai. Yalwa ta maimaita da harshen birni, kalma bayan kalma, ba tafinta tsakaninta da shi. A zaman nan aka kira shaidun da ba a taɓa kira ba, maganarta ta tabbata. Aka mayar wa Tunau mashiginsa, aka tuɓe alƙali aka ce shi ma a yi masa shari'a, kuma a ji shaidunsa. Kafin azahar mai shela ya zaga gari yana sanar da cewa an soke dokar, an kuma buɗe ƙofa ga duk wanda magana ta kai kurkuku.

Da jama'a suka fara watsewa, sarki ya tsayar da Tasalla ya ce, "Ke ma kina da hukunci. Duk maganar da kika tausasa, wadda kike iya tunawa, za ki zauna ki mayar mini da ita yadda masu ita suka faɗa."

Ta ce, "Ya sarki, zai ɗauki watanni, kuma wasu daga masu ita sun mutu."

Ya ce, "Da nasu za ki fara." Sa'an nan ya sa magatakarda ya rubuta a bisa ƙofar majalisa, da harshen birni da na kogi: Sarkin da ya hana a faɗa masa zalunci bai kawar da zalunci ba, ya dai zama na ƙarshen jin labarinsa.