Gangar da Ta Jira Korau

Akwai wani mutum a wani ƙauye, makaɗi ne, sunansa Tunau. Tun yana rarrafe hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In an kife ƙwarya sai ya kaɗa ta, in an kwantar da turmi sai ya kaɗa shi. Iyayensa sun rasu da wuri, sai wansa Korau da matarsa Tabita suka rene shi, suna kiransa Auta.

Korau kuwa manomi ne na ji da gani. Ranar da Tunau ya fasa wa Tabita ƙwarya ta uku, kowa ya zaci zai sha duka. Amma Korau ya kama ɗan akuyarsa guda ɗaya tak ya yanka, ya gyara fatar, ya fafe kututture, ya haɗa ganga ya miƙa masa.

Ya ce, "Ungo, Auta. Ka bar wa Tabita kayanta su huta."

To, a ƙasarsu, in damina ta kankama akan kira gayya, wato maza su taru su yi wa mutum ɗaya huɗa a yini guda. Kowa ya kama kuyyarsa, layin da zai huɗe daga wannan bakin gona zuwa wancan, su jeru kafaɗa da kafaɗa. Makaɗi yana gabansu yana tafiya da baya da baya, yana kaɗa wa gwanaye takensu. Take shi ne kiɗan da aka keɓe wa mutum shi kaɗai, wanda in ya ji shi ko daga nesa ya san da shi ake. Wanda aka bari a baya kuwa, waɗanda suka riga gamawa sukan juyo su cinye masa kuyya, su ƙarasa masa ita a gaban jama'a, mata suna dariya. Abu ɗaya ne yake hana haka. Ba a taɓa kuyyar mutum ana cikin kaɗa takensa.

Taken farko da Tunau ya ƙirƙira na wansa ne. Gangar tana cewa, "Korau a gaba, maza a baya." Kuma ba ƙarya ta yi ba, gama a zamanin nan ba wanda yake ganin Korau sai ta ƙeya.

Da Tunau ya girma, ƙauyen ya yi wa hannunsa kaɗan, sai ya rataya gangarsa ya shiga duniya. Kai, mutumin nan ya yi yawo! Ya je kudu, inda ganga take gaishe da baƙo ta tambaye shi lafiyar gida. Ya je hamada, inda mata suke ɗaura fata a bakin turmi su kaɗa, raƙuma suna taka rawa. Ya haye teku, ya ga masu buga durom ɗin ƙarfe yana ba da murya mai zaƙi, ya ga masu zama a ƙasa da 'yan ganguna biyu suna kaɗawa da yatsu kamar yayyafi a kan kwano. Duk inda ya sauka, kafin wata ya cika ya iya kiɗansu, wani lokaci har ya fi mai abin.

Wuri ɗaya ne ya sha kaye. A wani gari na bakin ruwa ya tarar da wani tsoho da yake zama a goshin dogon kwalekwale yana yi wa masu tuƙi kiɗa. Tunau ya roƙa a bar shi ya gwada. Ya saki hannu, ƙarfafan cikinsu suka zabura, raunanan suka kasa, jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya, mutanen bakin gaɓa suna riƙe ciki don dariya.

Tsohon ya karɓi gangarsa ya ce, "Ɗana, wa kake kallo in kana kiɗa?"

Tunau ya ce, "Wanda ya fi kowa ƙarfi mana, Baba."

Tsohon ya ce, "Ni kuwa hannun da ya fi gajiya nake kallo."

Tunau ya ce a ransa tsufa ne kawai yake damun mutumin nan. Ya kama hanyarsa, bai ƙara tuna maganar ba.

Bayan shekara ashirin ya komo gida da suna da ganguna iri iri. Amma abin da ya tarar ya sanyaya masa jiki. Ciwo ya kwantar da Korau damina biyu cur. Ya tashi dai, amma hannun hagunsa ya yi sanyi, ƙafar ma jan ta yake yi. Mutumin da muryarsa take cika gida ya koma zama a gindin rumbu, in an gaishe shi ya amsa a taƙaice.

Ana nan sai Sarkin Noma ya kira gayya, ya ce Tunau ne zai yi kiɗa. Labari ya bazu, har daga ƙauyukan kewaye aka yi shirin zuwa jin kiɗan ƙetare.

Da safen ranar, Tabita ta tare shi a bakin zaure, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Auta, yayanka ya wasa garma. Wai zai fita."

Tunau ya ce, "Madalla! Ai abin murna ne, Inna."

"Murnar me? Ya ce mini in aka cinye masa kuyya yau, ya shiga ɗaki ke nan, ba zai ƙara fitowa ba sai an ɗauko shi. Shekara talatin da biyar ina zuba wa mutumin nan tuwo. Ban taɓa jin ya faɗi abu ya janye ba."

Tunau ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki. In na buga masa takensa, jikinsa zai tuna."

Tabita ta dube shi ta ce, "Kai dai da bakinka, mai yawon duniya. Allah ya sa."

Rana ta ɗaga, maza suka jeru, Korau yana can gefe, ya ɗaure ɗamara kamar dā. Tunau ya rataya tsohuwar gangarsa. Fatar an sauya ta ba adadi, amma icen shi ne wanda wansa ya fafe. Ya saki hannu. Jama'a, ba a magana! Ya zuba musu kiɗan kudu, ya juya ya zuba na hamada, ya haɗa da na ƙetaren teku. Samari suka haukace, garma tana tashi tana sauka, mata suna guɗa. Tunau yana gaba yana ja da baya, zufa tana zuba, daɗi ya cika shi har ya manta da maganar safe.

Sai da suka kai bakin gona ya ɗaga kai. Can baya, nesa, ya hango mutum ɗaya shi kaɗai a sunkuye. Korau ne. Nan take ya juya kiɗa ya buga taken wansa, da ƙarfi, da irin saurin da yake buga shi shekara ashirin da suka wuce.

Korau ya ji. Allah Sarki, zuciya ta amsa, amma jiki bai amsa ba. Ya yunƙura ya kama kiɗan, ya sara ɗaya, ya sara biyu, a na uku garmar ta kuɓuce, ya faɗi a kan gwiwa cikin laka. Guɗa ta tsaya. Gangar ma ta yi shiru, gama hannun Tunau ya mutu. Samari biyu da suka riga suka kai ƙarshe suka saɓa garma suka nufo kuyyar Korau, ba don mugunta ba, al'ada ce kawai.

A nan ne Tunau ya tuna da jirgin nan mai juyawa wuri ɗaya, ya tuna da muryar tsohon. Ya gane shi ne ya ka da wansa da hannunsa.

Sarkin Noma ya ɗaga murya ya ce, "Makaɗi, lafiya? Maza suna jira!"

Tunau ya gyara igiyar gangarsa a kafaɗa. Ya ratsa ta tsakiyar gwanaye, ya bar su a tsaye, ya yi ta tsallake kuyyoyi har ya isa gaban wansa.

Korau bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Koma gaba, Auta. Kada ka tara mini idanu."

Tunau ya durƙusa ya ɗauki garmar, ya share lakar ƙotar da rigarsa, ya sa masa a hannu. Ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Tashi ka sara yadda za ka iya. Yau ba kai za ka bi ganga ba, ita za ta bi ka."

Korau ya riƙe garmar. Sa'an nan ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya ɗaga garma da kyar, Tunau ya ɗaga hannu ya jira. Da garmar ta taɓa ƙasa, gangar ta ce dum. Korau ya ja ƙafa, ya numfasa. Tunau ya jira. Garma ta sāke sauka, ganga ta sāke amsawa. Da farko ba wanda ya gane abin da ake bugawa. Sai can wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, ai takensa ne!" Shi ne kuwa, ba a rage masa kome ba, an dai shimfiɗa shi daidai da numfashin mai shi. Samarin nan biyu suka ja da baya suka sauke garma.

Duk makaɗi ya sani, kiɗan sauri ya fi sauƙi. Hannun da ya saba gudu, in an ce ya jira, ƙaiƙayi yake yi. Igiyar ganga ta ci kafaɗar Tunau, rana ta take, baƙin da suka zo jin kiɗan ƙetare suka fara gunaguni, wasu ma suka kama hanyar gida. Bai dube su ba. Idonsa yana kan hannun nan na hagu mai rawa. Ya san in ya yi shiru ko kaɗan, al'ada za ta ba samari dama.

Sarkin Noma ya tsaya yana kallo. Can sai ya saɓa garmarsa, ya zagayo ta gefen gona, ya zo ya tsaya a bayan Korau. Bai taɓa masa kuyya ba, binsa kawai yake yi, taki ɗaya bayan ɗaya. Wani ya biyo shi, wani ma ya biyo, har duk mazan gayyar suka jeru a baya. Gangar kuwa tana ta faɗa a hankali, "Korau a gaba, maza a baya."

Haka suka tafi har bakin gona. Da Korau ya yi saran ƙarshe, Tabita ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai kuka ya ƙwace mata. Korau ya dogara da garmarsa yana haki. Ya miƙa hannu ya shafa icen gangar, ya dubi ƙanensa.

Ya ce, "Auta, duk yawon nan da ka yi, sai yau ka iya kiɗa."

Kashegari da sassafe aka ga Korau ya nufi gonarsa, yana jan ƙafa, garma a kafaɗa.

Ma'anar wannan misali ita ce. Gonar ita ce rayuwar da muke ciki tare a matsayin jama'ar Allah, kowa da kuyyarsa. Gangar ita ce baiwar da Ubangiji ya sa a hannunka, ko waƙa ce, ko koyarwa, ko ƙarfin jiki, ko bakin da ya iya magana. Tunau kuwa ni ne, kai ne, ke ce. Mun fi son tsayawa a gaba, inda gwanaye suke, inda ake guɗa.

Ku lura da kyau, Tunau bai ƙi wansa ba. Yana ƙaunarsa, amma ƙaunar ta zo da gudu, ta ka da shi. Mu ma haka muke yi. Ɗan'uwa ya yi rashi, bayan mako biyu mu ce, "Haba, ina bangaskiyarka?" 'Yar'uwa ta yi tuntuɓe ta komo da kyar, mu ce ta koma yadda take dā, yau yau ɗin nan. Sabon mai bi yana ta laluben shafi, mu mun riga mun gama karatu mun rufe. Ku 'yan zumuntar mata da kuke murmushi, ban cire ku ba. Ina ganin yadda kuke kaɗa tulu da sauri, tsofaffin cikinku suna motsa baki kawai, waƙar ta wuce su. Abin yana sosa mini rai, gama ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Ubangijinmu Yesu bai yi mana haka ba. Shi ne na gaba da kowa, amma ya bar wurinsa ya ratso lakar duniyan nan har inda muka faɗi. Taro yana tafiya, makaho ya yi kira a bakin hanya, Yesu ya tsaya cik. Bai ce mu kamo saurinsa ba. Ya sa garmar a hannunmu, ya jira, kuma muddin yana kiran sunanmu ba mai ikon cewa tamu ta ƙare.

Saboda haka, in kai ne Korau yau, kada ka shige ɗaki. Ɗaga garmarka, ko da hannu ɗaya ne, gama akwai mai jiranka. In kuwa kai ne mai ganga, to, kafin ka fita ƙofar nan ka waiwaya. Akwai wani a baya, a sunkuye, kuma ka san sunansa. Koma wurinsa.